Inji na Huɗu Ya Ƙi Nuna Laifinsa

Laraba, bayan tashi daga aiki

An kashe inji na huɗu, an sa masa kwaɗo. Makullin yana aljihuna, don ni ne mai gyaran wuta na rana a kamfanin robar nan, kuma ni Manaja ya ce in duba shi. An wanke wurin tun jiya. Sun wanke da kyau, sai ɗan abin da ya maƙale a ramin da ƙofar ke gudu a kai. Na goge shi da tsumma kafin in fara aiki.

Yaya yana asibiti. An ce a bar shi ya huta, na ce to.

Bari in rubuta yadda injin yake aiki, ko kaina ya daina juyawa. Bokiti yake bugawa. Mazubin ƙarfe ne gida biyu, ƙarfin mai ke haɗe su, a ɗura narkakkiyar roba, su buɗe. Mai aiki ya ja ƙofar kariya, ya zura hannu ya zaro bokitin, ya mayar da ƙofa. Muddin ƙofar tana buɗe mazubi ba shi da ikon motsi. Akwai makunni a gefen ƙofar, shi ke yanke wutar rile, wani ɗan makunni mai aiki da kansa a cikin akwatin wutar, rilen ya saki, bawul ɗin da ke sakin mai ya mutu. Tsohon inji ne, tsaronsa ke nan guda ɗaya tal. A gabansa Yaya ya tsaya tun ina makarantar koyon sana'a, a gabansa ya tsaya har na gama, kuma shi ya kama hannuna ya kawo ni kamfanin nan.

Jiya ƙofa tana buɗe, hannun Yaya a ciki, mazubi ya rufe.

Alhamis, lokacin hutun rana

Manaja ya kira ni ofis, har da ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba. Tun daga nan na san ruwa ba ya tsami banza.

Ya kira ni da sunan da ake kirana a kamfani, ya ce, "Mai Testa, ka san ina ganin girman yayanka. Amma inji ba shi da aljanu. Ƙofa a buɗe, ba ya rufewa sai in an ɗaure makunnin. Kai ma ka san halin masu aiki, su samu 'yar roba su ɗaure don kada su riƙa jan ƙofa, aiki ya yi sauri."

Na ce, "Yallaɓai, an ga robar?"

"Wurin cike yake da mutane a lokacin. Kowa zai iya cirewa don ya rufa masa asiri."

Ya ce mai bincike daga hukuma za ta zo ranar Alhamis ta sama da ta sama. In na nuna laifi a jikin injin kafin nan, to. In ban nuna ba, za a ce Yaya ne ya ɗaure makunni. In kuwa aka ce haka, an sallame shi ke nan, kamfani ya tsame hannunsa daga asibiti, kuma sunan da zai bi shi har gida shi ne wanda ya jawo wa kansa. Manaja bai faɗi na ƙarshen ba, ni na ƙarasa masa a zuciyata.

Alhamis, da yamma

Na fara daga makunnin ƙofa. Na buɗe murfinsa, bakin a tsabtace, sifirin da ƙarfinsa. Na ɗora mitar auna wuta, na ja ƙofa: yana yankewa. Na mayar: yana haɗawa. Na bi wayarsa da hannu cikin bututu har zuwa akwati, ba yanka, ba cin ɓera, ba inda mai ya ruɓar da ita.

Ƙofar akwatin wutar nan ta karkace tun lokacin da motar ɗaga kaya ta buge ta. Ba ta buɗuwa sai ka murɗa mariƙin ka daka mata naushi ɗaya a kusurwar sama. In an ɗauki sabon mai gyara, wannan ake fara koya masa kafin a nuna masa banɗaki. Na daka mata, ta buɗe. Rilen ƙofa yana nan a layi na biyu, ɗan ƙarami mai murfin roba da ya yi ruwan shayi saboda tsufa. Na ba koyil ɗinsa wuta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke jan harshensa, ya kama. Na yanke, ya saki. Na yi ta yi har yatsana ya gaji. Duk bakunan waya na bi su da sukundireba, biyu ne kawai suka ɗan karɓi ɗauri, kuma ba su da alaƙa da ƙofa.

Komai lafiya lau. Ban taɓa jin haushin inji mai lafiya kamar yau ba.

Juma'a, da sassafe

Na tarar da Dogo, mai gyaran wuta na dare, yana shirin tafiya gida. Ya girme ni da nisa, kuma shi ne ya fi kusa da akwatin ranar Talata, don daidai canjin aiki abin ya faru. Ya ce da ya ji ƙarar, da gudu ya daki ƙofar akwatin ya ja babban makunni.

Na ce, "Rilen fa?"

Ya ce, "A sake yake. Na duba daga baya, na gani da idona. Wallahi ban so in gani ba, ɗan'uwa, amma na gani."

Ya bar mini rabin shayinsa a fulas.

Asabar, da rana

Na kwashe kayan Yaya daga lokarsa na kai wa Anti, matarsa. Takalmi, rigar canji, sabulu, ƙaramar rediyonsa. A aljihun rigar akwai wata doguwar roba, yankin tiyub ɗin keke. Na saka ta a nawa aljihun.

Anti ta karɓi kayan a bakin ƙofa. Da can ba na shiga gidan nan in fita ba ta ce mini injiniyan da ya kasa gyara fankar ɗakinsa ba. Yau cewa ta yi, "Sannu, Auta," ta juya. Yaran suna zaune shiru a kan tabarma kamar baƙi.

Asabar, da la'asar

Na je har ƙofar asibiti. Lokacin ziyara ya kusa ƙarewa, na ga gara in bari sai gobe.

Lahadi

Ban je ba.

Litinin, da yamma

Manaja ya yarda in tayar da injin ba tare da ɗura narkakkiyar roba ba, in yi ta gwada shi. Na rataya wani lalataccen bokiti a tsakanin mazubi da igiya duk lokacin da na buɗe ƙofa, in cire kafin in rufe. Na yi ta jan ƙofa ina mayarwa tun safe, yadda Yaya yake yi. Kafaɗata ta gaya mini irin aikin da mutumin nan yake yi ya dawo gida yana dariya.

Ba abin da ya faru sai wajen la'asar, da akwatin ya ɗauki zafi. Na ja ƙofa, na rataya bokiti, na juya zan ɗauki ruwa. Sai na ji ƙarar. Mazubi ya haɗe, bokitin ya zama faifai, ƙofa kuwa a buɗe take hanhai. Na danna jan maɓallin tsayar da inji, na ruga wajen akwati, na daka wa ƙofar, na ɗora mita a bakin rilen.

A sake yake. Makunni lafiya, waya lafiya. Na sake tayar da injin, ya ci gaba da aiki kamar mutumin kirki.

Ba wanda ya gani. Gajere, mai inji na uku, ya tafi ɗebo buhun roba. Na kai wa Manaja bokitin, ya juya shi ya ce, "Wannan ai ko ƙofa na rufe za a iya yi masa haka." Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta fi ciwo.

Amma ni na gani. Injin ya yi, kuma ba roba a makunni.

Talata, da hantsi

Na zargi taima, mai ƙayyade lokacin rufewa, na canza shi da na inji na biyu. Na zargi bawul, ko datti ke riƙe shi, makanike ya kwance ya wanke ya ce tas yake. Na zauna da zanen waya na bi layi-layi, ko akwai wata hanya da wuta ke bi ta bayan gida ta isa bawul ba ta bi ta rilen ba. Zanen ya tsufa, wasu lambobin sun goge, kuma waɗanda suka riga mu sun ƙara wayoyinsu ba su rubuta ba. Na ciro wata jar waya da ba ta zuwa ko'ina, na yi murna na ɗan lokaci, ashe ta tsohuwar fitila ce.

Dogo ya ce in canza rilen kawai. Na ce in na canza, me zan nuna? Sabon rile ba ya wanke kowa. Dole a kama mai laifin da kayan sata a hannu.

Laraba, da yamma

Na kai wa Anti maganin da aka rubuta. Tana ninke kayan Yaya, ba ta ɗago ba ta ce, "Auta, ina robar da yake ɗaure kwanon abincinsa a bayan keke? A aljihun rigar nan yake ajiye ta."

Na sa hannu a aljihuna. Na ciro ta na ajiye a kan tebur.

Ta kalli robar, ta kalle ni. Ta san maganar da ake yi a kamfani, matan ma'aikata sun kai mata tun ranar farko. Ta ce, "Kai ma?"

Na ce, "Anti, don kada wani ya gani ya yi zato ne."

"Wani ya gani kuwa, ya kuma yi zaton." Ta ɗauke robar ta sa a durowa. "Ba zan gaya masa ba. Kullum sai ya tambaye ka. Na ce masa aiki ya yi maka yawa. Ya ce in ce maka, in kana gwada injin nan kada ka kuskura ka sa hannu, ka sa katako."

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Ban iya shan ruwan da ta ba ni ba.

Alhamis, da rana

Ba abin da ya faru.

Juma'a, da yamma

Ya sake yi. Irin lokacin nan dai, da akwati ya yi zafi. Bokiti na biyu ya tafi. Na daka wa ƙofa, na auna, rile a sake, komai lafiya. Gajere ya ji ƙarar amma bayansa ya ba ni, bai ga ƙofar ba, kuma mutum ne da ba ya faɗin abin da bai gani ba.

Manaja ya zo da kansa ya tsaya ya harɗe hannuwa. Na yi ta jan ƙofa a gabansa, injin ya yi ta biyayya. Ya ce, "Mai Testa, na san naka sai naka. Amma kana cinye mana wuta da mai kana fasa bokitai. Litinin da Talata na ƙara maka, daga nan ka rufe." Sai ya ƙara wata magana a kan Yaya da abin da wahalata ba za ta dawo da shi ba. Ba zan rubuta ta ba.

Juma'a, bayan tashi

Bangon bayan ɗakin janareto ya fi hannuna ƙarfi.

Asabar, da safe

Mai kemis ya ce ba karaya, targaɗe ne da kumburi. Ya naɗe mini na dama har wuyan hannu, ya tambaye ni me ya faru, na ce ƙofa ce. Ya ce lallai ƙofar tana da zuciya. Da hagu nake wannan rubutun, shi ya sa ya yi kama da tafiyar kaza.

Lahadi, da la'asar

Na shiga asibitin har barandar ɗakinsu. Na hango shi ta taga, ya juya wa ƙofa baya, an ɗora abin a kan matashi. Anti tana ba shi shayi da cokali. Na tsaya, na tsaya, na dawo. In na shiga me zan ce masa? Na gani amma na kasa nunawa? Ina tsoron ya tambaye ni ko na yarda da shi, don Yaya yana gane ƙaryata tun kafin in buɗe baki.

Litinin, da yamma

Da hagu na yi ta jan ƙofa. Ba abin da ya faru. Saura gobe.

Talata, da la'asar

Bari in rubuta a hankali, don kada in manta komai.

Ya yi. Ƙofa a buɗe, bokiti na uku. Na danna jan maɓalli na ruga wajen akwati, na murɗa mariƙin da hagu, na ɗaga na dama zan kai naushi, sai zafi ya tsaya mini tun daga yatsu har kafaɗa tun ban taɓa ƙarfen ba. In na saki mariƙin in daka da hagu, sai ya koma ya kulle. Na tsaya ina zagin ƙofar. Daga nan na ɗauki babban sukundireba na zura a ƙasanta, na taka shi da ƙafa na ɗaga ta kaɗan. Ta buɗe ba ko ƙara.

Rilen yana kame. 'Yar fitilarsa a mace, koyil ba wuta, ƙofar kariya a buɗe, amma harshensa yana ciki bai dawo ba. Na yanke wutar injin daga can ɗakin rarraba wuta na sa kwaɗo, don babban makunnin akwatin yana girgiza shi in an ja. Na dawo a kan yatsun ƙafa na ɗora mita a bakunansa biyu. Ta yi kuka, alamar bakunan a haɗe suke, ta ci gaba da kuka.

Na zauna a ƙasa. Bakin rilen ya ƙone ne da tsufa, in ya ɗauki zafi sai ya ɗan manne, mannewa 'yar kaɗan wadda girgiza ɗaya ke raba ta. Mu kuma duk lokacin da muka zo kama shi, sai mun daki ƙofar akwatinsa tukuna. Dogo ya daka ranar Talatar da abin ya faru, ni na daka sau biyu. Da hannunmu muke sakin ɓarawon, sannan mu buɗe ɗaki mu ce ba kowa. Mu masu gyara ne muka ɓoye laifin, da naushin da muke koya wa juna ranar farko.

Na kira Gajere ba tare da na ɗaga murya ba, kamar rilen zai ji. Ya zo ya ga ƙofa a buɗe, ya ji kukan mita, ya riƙe baki. Na ce ya ɗauka da wayarsa, ya ɗauka.

Talata, kafin tashi

Manaja ya zo, ya duba. Sai ya ce, "Madalla, ka yi ƙoƙari. Cire shi ka sa sabo, a ajiye tsohon a ofishina a nuna mata jibi. Injin nan ya daɗe yana barci."

Na ce, "Yallaɓai, in na zare shi daga mazauninsa zai saki. Abin da za a nuna mata jibi shi ne rile mai lafiya."

"Ai kun ɗauka a waya."

"Kai da kanka ka ce bokiti ana iya fasa shi ƙofa na rufe. Ita ma za ta ce hoto ana iya shirya shi. Sai ta auna da mitarta."

Ya ce umarni yake ba ni. Na ce makullin kwaɗon yana hannuna, kuma doka ta ce wanda ya sa kwaɗo shi ke cirewa. Ban san ko ina da aiki ranar Juma'a ba.

Dogo ya shigo ana haka. Na nuna masa, na gaya masa maganar naushin. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Sai ya ɗauko wayar ƙarfe ya ɗaure ƙofar akwatin a buɗe, ya zagaye wurin da igiya, ya jawo benci ya zauna. Ya ce wa Manaja, "Yallaɓai, ni ma yau ba na jin zan iya taɓa shi. Idona ba ya gani sosai da yamma."

Laraba, da safe

Mita tana kuka. Dogo ya ce bai bar ko mai shara ya matso ba.

Matsalarmu inji na uku. Yana kusa, kuma duk rufewar mazubinsa ana jin ta a ƙasa har cikin akwatinmu. Na tsaya ina kallon rilen, zuciyata tana bugawa tare da injin Gajere. Can sai na ji shiru. Gajere ya zo yana sosa ƙeya ya ce injinsa ya kamu da zazzaɓi, ya ƙi tashi, ko zan duba? Na duba, fis ɗaya ya yi tafiya, kuma ina jin na san aljihun da ya sauka. Na ce masa gaskiya wannan gyaran zai kai gobe da rana. Mai motar ɗaga kaya ma ya canza hanya, yana zagayawa ta bayan sito.

Dogo bai tafi gida ba. Na ce ya je ya kwanta, ya ce, "Bar ni, ɗan'uwa, ai hannu ɗaya ba ya…" Sai ya haɗiye sauran, ya shiga neman wani abu a cikin jakarsa.

Laraba, da yamma

Yana kame. Akwatin ya huce tun jiya, ina tsoron sanyi ya raba shi. Na daina aunawa, don ko taɓawar mita tana ba ni tsoro.

Alhamis, bayan azahar

Ta zo da hantsi, mai binciken. Mace ce mai ƙaramin jiki, da takalmin ƙarfe da mitarta a jaka. Ba ta shiga ofis ba, ta ce a kai ta wurin injin. Manaja yana biye yana bayanin halin masu aiki da roba. Ta ce, "To, na ji. Wa ya sa kwaɗon nan?"

Na ce ni ne. Na gaya mata ni ƙanin mai injin ne, don kada ta ji daga bakin wani. Ta ce ba ni za ta auna ba.

Ta duba makunnin ƙofa, ta tabbatar ba wuta, ta tsugunna gaban akwatin. Da ta kai bakin mitarta kan rilen na rufe idona. Sai na ji kukan. Ta cire, ta mayar, ya sake. Ta ce, "Wannan ai a haɗe yake ba wuta. Ya aka yi fiye da mako biyu ba a gani ba?"

Dogo ne ya amsa. Ya ce, "Madam, ƙofar akwatin ba ta buɗuwa sai da duka. Mu kuma mun saba."

Ta ce, "Ku nuna mini."

Ta maƙala wayoyin mitarta a rilen ta fito da su ta ƙasan akwati. Na kwance wayar da ta riƙe ƙofar, na taka sukundireba na mayar da ita a hankali har ta zauna. Mita tana ta kuka a hannunta. Duk masu aiki sun baro injinansu sun taru a bayan igiya, ba mai tari. Ta ce wa Dogo ya buɗe yadda ya buɗe ranar. Ya murɗa mariƙin, ya ɗaga hannu, ya daka.

Kukan ya ɗauke.

Ta zare rilen, ta ɓalle murfinsa da farce, ta ɗaga shi ga haske. Bakunan sun yi baƙi, sun yi rami-rami. Ta nuna wa Manaja, ta sa shi a leda ta ɗaure ta jefa a jakarta. Ta ce a gaban kowa, "Ba wanda ya ɗaure komai. Kayan injin ne suka gaza. Kuma injin da tsaronsa ya rataya a kan rile ɗaya ba zai sake tashi ba sai an ƙara masa na biyu da sandar ƙarfe. Na uku da na biyu ma zan duba su. Ku gyara ƙofar nan yau."

Gajere ya yi kabbara a hankali. Manaja ya ce dama shi bai taɓa zargin kowa ba, bincike ne kawai. Dogo ya koma kan benci ya rufe fuska da hularsa.

Alhamis, da yamma

Na cire ƙofar akwatin, makanike ya miƙe ta a kan maƙera, muka mayar. Aikin bai kai shan kofin shayi ba. Yanzu da yatsa ɗaya take buɗewa. Na buɗe ta na rufe, na buɗe na rufe, har Dogo ya ce in bari haka nan.

Manaja ya aiko a ce mini kamfani zai ci gaba da kula da asibiti, kuma in Yaya ya fito akwai gurbi a sito, wajen ba da kaya. Bai kira ni ofis ba, ban kuma nemi kujera ba.

Juma'a, da la'asar

Na shiga.

Anti ce ta fara ganina. Ta kalli bandejina ta ce, "Ga injiniya nan, an ce har bango ya gwada ko akwai wuta a ciki." Sai ta tashi ta ba ni kujerarta ta fita da fulas, ko da yake na ga a cike yake.

Yaya ya rame. Ya ce, "Auta, sai yau?"

Na ce, "Aiki ne, Yaya."

"Na sani. Gajere ya zo jiya ya ba ni labari, har da kwaikwayon kukan mita, sai da nas ta kore shi." Ya yi 'yar dariya, ta tsaya masa a ƙirji. "Sun yarda ban ɗaure ba?"

"A gaban kowa ta faɗa."

"A gaban Manaja?"

"Yana tsaye."

Ya kalli rufi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan ne ya hana ni barci, ba ciwon ba. Ina kwance ina ta tambayar kaina ko na ɗaure na manta." Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne, bai share ba, ni ma ban yi kamar na gani ba.

Na gaya masa maganar sito. Ya ce ba laifi, ai ya san sunan kowane ƙusa a kamfanin nan. Ya tambaye ni wa za a ba inji na huɗu, na ce sai an ƙara masa tsaro. Ya ce duk wanda aka ba, in gaya masa ƙofar tana ɗan cijewa a tsakiya, sai ya ɗaga ta kaɗan.

Sai a lokacin na kalli matashin. Bandejinsa ya ƙare a inda agogo yake zama.

Da nas ta leƙo ta ce lokaci ya yi, na miƙe. Yaya ya ce, "Zo nan, ba mu gaisa ba." Ya miƙo mini na hagu. Nawa na dama a naɗe yake, ni ma na ba shi na hagu, muka riƙe juna a karkace kamar masu koyo. Ya ce, "Za mu saba."

Nawa, mai kemis ya ce mako mai zuwa za a kwance.